Harsashin da Kaka ya ƙi buɗewa

Jama'a, akwai suna a ciki! Wallahi tallahi akwai suna, akwai gari, har da sunan uwa. Jiya Juma'a bayan la'asar muka buɗe kwanson harsashin nan da Kaka ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɓoyo, muka zaro takarda, aka karanta ta. Na kurma ihu, na daka tsalle a gidan makoki, har Mama ta watsa mini harara. Na zaro waya zan kira shi in ce "Ango, ta fashe!" Sai da na ga lambarsa a fuskar wayar na tuna tun Talata yana cikin ƙasa.

Na san rabinku ba ku gane komai ba. Ku yi haƙuri da ni, bari in faro daga farko.

Kaka shi ne mahaifin Mama. Ya rasu ranar Lahadi da hantsi a ɗakinsa da ke saman wani bene a Mahjar, nan Jidda. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Zazzaɓi ne da tari na kwana biyar, halas, shi ke nan. Ba a samu binne shi ba sai Talata, domin mutumin da ya shigo aikin hajji ya zarce, ya yi shekara arba'in da ɗoriya ba iƙama, wato izinin zama, ko gawarsa sai an nema mata takarda. Abba ne ya yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan har aka sa hannu. Ya dawo idonsa jajir.

Zaman makoki a nan aza ake ce masa. Kwana uku, daga magariba zuwa isha'i, maza a lungu kan kujerun roba, mata a ciki, ana zagayawa da gahawa da dabino. Ni na ɗauka mu ya mu ne za mu zauna, tsohon da ba mota ba kafili mai tsaya masa a wurin hukuma. Ina! Kujeru suka ƙare aka aro na maƙwabta. 'Yan gwangwan abokan sana'arsa suka zo a ayari, farcensu duk tsatsa. Wani haris ɗan Yaman, mai gadin gini, ya taso tun daga unguwar Ruwais, ya riƙe hannun Abba ya ƙi saki. Wasu kuma na ji su da kunnena ta taga suna raɗa: "Shekara nawa yana yawo da sandar nan, ka ce mini bai tono zinare ba? A dai duba ƙarƙashin gado."

Khala, ƙanwar Mama da Kaka ya haifa a nan, wadda Hausarta sai a hankali, ta rungume sandar Kaka tana kuka tana cewa, "Ya Abuya, min yishil hada dahin? Wa zai ɗauka yanzu, wa?" Mama kuwa ko ɗigon hawaye. Duk wadda ta ce "Ya haƙuri?" sai ta ce "Sai godiya," ta ci gaba da kallon bango.

A rana ta biyu wata mata 'yar Nijar ta shigo, ba wanda ya san ta. Ta zauna ta cire ɗan kunnenta ta ɗora a tafin hannu ta nuna mana. Ta ce lokacin da aka rushe unguwarsu, an kwashe su ba ta gida, kuma gwal ɗin da uwarta ta bar mata yana cikin gwangwanin madara a binne ƙarƙashin ɗakinta. Da ta dawo, katafila ta riga ta baje komai, ko inda ƙofarta take ba ta gane ba. Aka ce mata akwai wani tsoho mai sanda a Mahjar.

"Kwana uku yana shara mini filin nan," ta ce. "Ya tono cokali, ya tono kwaɗo, ya tono murfin tukunyar maƙwabciyata. Ran na uku ya ce, 'Hajiya, wannan kukan na gwangwani ne mai nauyi a ciki, zo ki tona da hannunki.' Na tona, ga 'yan kunnen nan a ciki. Na ce ya ɗauki ɗaya, ya ce shi ba shi da huji a kunne. Shayi kawai ya sha."

Sandar da ake ta faɗa, na'urar gano ƙarfe ce. Kun san ta, mai faifai a ƙasa da doguwar mariƙa, ana shara ƙasa da ita, in ta ji ƙarfe ta yi ƙara. 'Yan nan jihaz suke ce mata, shi kuwa "sandata". Kwance ya saye ta a haraj, kasuwar tsofaffin kaya, mariƙar duk salatif, abin kunnen ma gefe ɗaya ke aiki. Da farko don sana'a ya saya, yana bin kangaye yana neman wayar wuta da bututu ya kai wa masu awo. Wata safiya a wani fili a Ruwais da aka rushe tsohon gida za a yi sabon gini, sai sandar ta yi ta kuka a jere, taku ɗaya kuka, taku ɗaya kuka. Ya tona, kwanson harsashi. Ya ƙara gaba, wani. Layi guda, kamar an shuka su.

Amininsa Malam, wani tsoho mai koyar da allo a Mahjar, shi ya ba shi labari. Wai kusan shekara ɗari da ta wuce, tun Jidda na cikin ganuwa, Ruwais da Bagdadiyya duk bayan gari ne, an taɓa yi wa garin ƙawanya wata da watanni. Aka haƙa ramukan fakewa, aka ja waya mai ƙaya, aka yi ta harbe-harbe a wuraren da yanzu muke sayen shawarma. Daga ranar Kaka ya daina kai kwanson harsashi wurin awo. Ya ce wannan ba gwangwan ba ne, kayan mutane ne.

Mu shekara bakwai ke nan da zuwanmu, da Abba ya samu aikin gwajin jini a wani asibiti. Mama tana 'yar shekara huɗu Kaka ya tafi, don haka a bakin 'yan Mahjar ta yi ta tambaya har aka nuna mata shi. Ranar da ya fara ganina ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan ce amaryar tawa? Kai, an cuce ni, duk ido." Na ce, "Ni ma an cuce ni, ango ba haƙori." Ya yi dariya har ya ƙware. Shi ke nan muka ƙulle.

Sau huɗu na bi shi fita. Ranar Juma'a yake zuwa, bayan asuba, lokacin magina ba sa aiki, kafin rana ta fara dukan mutum. Ni da abayata da ledar ruwa, shi da sanda da cokalin magina. Tafiyarsa kamar mai shara a ɗakin mara lafiya. In ta yi ƙara sai ya tsaya ya karkata kai.

"Amarya, me kika ji?"

"Tit-tit na ji."

"Ke komai tit-tit ne, kamar wayarki. Wannan gurnani ne, ƙusa ce ko waya. Baƙin ƙarfe gurnani yake yi. Tagulla kuwa siririyar murya gare ta, kamar mace na sallama a ƙofar gida."

Kuma wallahi in ya tona yadda ya faɗa haka ake gani. Ba ya kankare abu da wuƙa, ba ya goga shi da yashi. Gida zai kawo, ya jiƙa da ruwan lemun tsami, ya bi shi da tsohon buroshin haƙori, sannan ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duba gindin. Bai iya boko ba, amma ya haddace alamomin. Mai wata da tauraro gefe guda, mai haruffan Turawa gefe guda, maɓallan riga a kwalbar magani, kan bel guda biyu a cikin safa. Duk a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Zinaren da ake raɗa ke nan.

Kalmar bakinsa ita ce "Duba cibiya tukuna." Ɗan zagayen nan na gindin harsashi shi yake kira cibiya. In ta lotsa, an harba, ya mutu. In tana nan sumul, da ransa, kar ki taɓa. Har a gida in na kawo masa labari da zafi, wance ta ce kaza a guruf, sai ya ce, "Kin duba cibiya?"

Haris ɗin nan ɗan Yaman, ga labarinsa. Kaka ya tono wani ƙaton abu mai kamar kwalba a bayan ɗakin gadinsa, dab da inda yake hura gawayin shisha. Ya duba ya ga bam ne, kuma da ransa. Shi ba zai iya kiran askarawa ba, in suka zo shi za su fara tambaya takarda. Haris kuma ya ce tsohon ƙarfe ne, a bar shi ya yi barci. Kaka ya tsaya a kan abin nan cikin rana, ya ƙi motsi, ya ƙi barin kowa ya matso, tun safe har aka kusa kiran Juma'a, sai da mutumin ya gaji ya buga waya. Yana jin jiniya ya saɓa sandarsa ya bi lungu. Daga baya aka killace layin gaba ɗaya kafin a ɗauke shi.

To, ga maganar da ta sa nake wannan rubutun.

Ina ajin ƙarshe na sakandare ya fara nuna mini. Ya rufe ƙofa, ya wanke hannu, ya zaro wani ƙullin tsumma daga can ƙasan akwatin. Kwanson harsashi ne, amma an matse bakinsa an naɗe, an liƙe da wani abu baƙi kamar danƙo. An ɗaure masa wani ɗan farin ƙarfe zagayayye da waya, mai huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida. A filin Ruwais ya same shi, a ƙarshen layin nan.

Ni kuwa kun san ni. Kafin ya rufe baki na ɗauki hoto, na jefa a wani guruf na masu irin wannan harkar. Minti goma amsoshi suka fara zuba. Wani ya ce lambar yabo ce ta hafsan Turkawa. Wani ya ce alamar wuyan soja ce. Wani ya ce nawa zan sayar. Na juyo da ƙafafa na ce, "Ango, ka yi kuɗi! Lambar janar ce!"

Ya kalle ni, ya kalli wayar, ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Janar? Ke da mutanen cikin wayarki duk ba mai hankali. Anini ne."

"Mene ne anini?"

"Kin ji ba. Kuɗin garinku ne, 'yar boko. Goma ne kwabo ɗaya. Ko a zamanina ya daina sayen komai, sai dai uwa ta zura zare ta rataya wa ɗanta. Ni ma innata ta rataya mini."

Sai dariyar ta ɗauke ɗif. Ya ce, "Balarabe ba ya rataya anini. Baturke ba ya rataya anini. Wanda ya tsuguna a ramin nan namu ne." Ya kara kwanson a kunnena ya girgiza a hankali. "Ji."

Na ji. Wani abu na motsi a ciki, sakayau, kamar busasshen ganye. Tsigar jikina ta tashi, har yau in na tuna sai ta tashi.

Shi a wurinsa abin nan tsintuwa ne, kuma tsintuwa sai da cigiya. Duk shekara in alhazai sun sauko Jidda sayen tsaraba, zai sa farar rigarsa guda ɗaya ya tafi shagunan Bagdadiyya, ya bi 'yan Najeriya ɗaya-ɗaya. "Alhaji, a danginku akwai wanda ya taho hajji a ƙafa tun zamanin da, bai koma ba?" Matsalar ita ce kowa cewa yake akwai. Na Katsina akwai, na Haɗeja akwai, na Damagaram akwai. Kakan kakana, ƙanen kakata, wani baffan babanmu. Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Na taɓa ji yana gaida akwatin da safe, "Mun kwana lafiya, mai anini?" Na ce, "Ango, ka fara ke nan?" Ya ce, "Ai ba ni kaɗai nake kwana a ɗakin nan ba." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Hoton nan da na jefa shi ya jawo rigima. Wani abokin aikin Abba ya gani, ya gane hannuna da zoben da ke jiki, ya ce masa, "Ka san tonon kayan tarihi ba izini laifi ne a ƙasar nan?" Abba ya dawo gida kamar zai kama da wuta. Iƙamarsa, kwantiraginsa, makarantata, ga suruki ba takarda. Ya sa na goge hoton a gabansa, ya ce yalla, mu tafi Mahjar.

Ku zo ku ga faɗan surukai. Abba ya cire takalmi tun daga matakala, ya durƙusa, ya gaida Kaka ya fi minti biyar, kansa a ƙasa. Ɗakin taku huɗu ne, gwiwarsu ta kusa haɗuwa. Sai Abba ya juya wajen Mama ya ce, "Ki gaya wa Baba, abin nan zai iya sa a kore mu gaba ɗaya."

Kaka ya kalli Mama ya ce, "Ki ce wa maigidanki na ji."

"Ki roƙi Baba a zubar da akwatin a teku."

"Ki ce masa ba nawa ba ne balle in zubar."

"Ki tambayi Baba na wane ne."

"Ki ce masa abin da nake nema ke nan."

Mama na tsakiya tana juya kai kamar fanka, ba ta maimaita ko kalma ɗaya ba. Ni ina bakin ƙofa dariya na cina, tsoro na cina. Ƙarshe Kaka ya ce ya yarda, ya daina tono, ranar da ya mutu a kai akwatin wurin hukuma yadda doka ta ce. Ya cika alkawari. Amma daga ranar bai ƙara taka gidanmu na Bagdadiyya ba, ko da salla. Ya ce kar a gan shi a ƙofarmu a tambayi Abba wane ne. Shekara uku. Babban yatsana ne ya jawo wannan, na sani, ba sai an faɗa mini ba.

Ni kuma nawa faɗan da shi a kan buɗewa ne. Kullum ina cewa a buɗe, in takarda ce ai ƙila da suna, an huta da bin alhazai. Kullum amsarsa ɗaya: "Laya ce. Ba a buɗe layar wani." Bara da hutu, ya sauka alwala, na ɗauko filaya. Ban kai ga matsawa ba ya shigo. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya buge hannuna har filayar ta faɗi. Na ji haushi na ce, "Kai dai matsoraci ne, tsoho da kai kana tsoron takarda." Da wasa na so in faɗa, amma ba da wasa ta fito ba. Ya naɗe abinsa a tsumma ya ce in gaida Mama.

Ranar Asabar da ta wuce, kwana ɗaya kafin ya cika, na kai masa kunu da safe. Ya rame, muryarsa can ciki. Ya ce in zauna.

"Amarya, maganarki ta bara."

"Ango, don Allah ka bar ta, bakina ne ba linzami."

"Gaskiya kika faɗa. Ba laya ba ce, tun ranar da na tsince ta na sani. Laya da fata ake ɗinke ta. Wannan saƙo ne, an rufe shi don kar ruwan teku ya ci shi." Ya yi tari ya huta. "Muddin ban karanta ba, tsintuwa ce, cigiya kawai ke kaina. Ranar da na karanta, na zama ɗan aike. Ɗan aike kuwa sai ya kai da ƙafarsa. In kai ina? In na fita ƙasar nan ba dawowa. In na sauka can, in ce musu ni wane ne? Wanda ya tafi wata biyu ya yi shekara arba'in?"

Na ce, "Ai yanzu ba a kai saƙo da ƙafa."

Ya kalli wayar da ke hannuna ya yi ɗan murmushi. "Shi ya sa nake gaya miki ke. In na tafi ku buɗe. Amma a gama zaman makokina tukuna, kar ku haɗa mu, kowa da nasa."

Ranar Laraba muka je gyara ɗakin ni da Khala. Na buɗe akwati, komai na nan, ƙullin tsumma babu. Muka zazzage kaya, muka duba aljihun riguna, babu. Na fara kuka, na ce ko ya jefar ne. Khala ta ɗauki sandar za ta jingine ta, hannunta ya taɓa makunni. Ɗakin tsit, sai ga siririyar muryar nan, daidai kan shimfiɗarsa. Khala ta saki sandar ta yi baya tana "Bismillah, bismillah!" Na ɗaga matashin kai. Ya farke gefen katifa ya cusa shi ciki, daidai inda kunnensa ke kwanciya.

Jiya bayan an sauko Juma'a an ci abinci, Abba da kansa ya ce a kira Malam. Ya taho da safar hannu da hantsaki daga wurin aiki. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya duba gindin kwanson ya ga a lotse, sannan ya ɗumama danƙon, ya dinga ware bakin kaɗan-kaɗan. Ya fi rabin awa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Takardar ta fito a naɗe kamar sigari, ruwan ƙasa, ƙasanta ya ruɓe ya zube gari. Ajami ne. Malam ya ɗauki gilashin Kaka, ya yi bisimilla, ya karanta yana tsayawa:

"Ni ne Tanko ɗan Kande, na gidan maƙera a Rano. Na iso Jidda bayan shekara uku a hanya. An rufe hanyar Makka saboda yaƙi. An ɗauke mu haƙan rami, ana ba mu abinci. Wanda ya riga ni komawa ya gaya wa innata ina nan da raina, kar ta zauna makokina. In na sauke farali zan..."

Nan takardar ta ƙare.

A nan ne na yi ihun. Suna! Gari! Shekara goma sha ɗaya ana bin alhazai, ga shi a layi biyar. Ina cikin tsalle na ji wani sauti a bayana wanda ban taɓa ji ba. Mama ce. Matar da ta yi kwana biyar ba hawaye ta kife a kan katifar Kaka tana kuka kamar yarinya. Da ƙyar ta iya magana.

"Shi ma ya aiko," ta ce. "Baba ya aiko. Kaset ya yi, ya ba wani alhaji, ya ce yana nan da ransa, a jira shi. Mutumin ya jefa a akwati ya manta. Shekara tara kaset ɗin ya yi kafin ya iso gidanmu. Kafin nan an ce ya mutu, an yi zaman makoki, an raba kayansa, Inna ta yi takaba ta fita ta yi wani auren. Ina aji biyu na sakandare aka kunna mana muryarsa a tsakar gida. Inna ta tashi ta shiga ɗaki."

Abba ya ce a hankali, "Baba ya san da haka?"

"Ni na gaya masa, ranar da na same shi. Da na sani ban faɗa ba."

Ni dai lissafi nake a raina: shekara tara ta yi wa gidanmu haka, to wannan saƙon fa, da ya kusa ɗari? Wata Kande ta zauna makoki ko ta ƙi zama, ta yi ta kallon hanya har ta mutu. Kuma Kaka ya san irin abin da ke cikin kwanson nan, yana kwana da shi a kunne, ya kasa buɗewa ya kasa jefarwa.

Malam ya ce Kaka bai taɓa ganin ƙashi a filin ba, ya sha tambayarsa. Don haka ba mu san ko Tanko ya mutu a ramin ba. Ƙila faɗuwa abin ya yi daga wuyansa. Ƙila wanda ya ba saƙon ne ya faɗi. Ƙila ya kai Makka, ya yi aure a nan, jikokinsa na cikinmu suna jin Hausa ba sa iya mayarwa. Filin kuwa yanzu bene ne hawa shida, da shagon gyaran waya a ƙasa.

Mata ba sa zuwa maƙabarta a nan, ban ga inda aka sa Kaka ba. Na tambayi Abba, ya ce dutse biyu ne, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, ba suna, haka ake yi wa kowa. Ya ce ko shi in ya koma wata mai zuwa ba lalle ya gane ba. Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa, ya sa ya huta. Allah ya jiƙan Tanko da innarsa duk inda suke kwance.

Gobe Lahadi Abba zai kai akwatin wurin hukuma, har da kwanson da aninin. Da muka fito daga ɗakin ya tsaya a matakala, bai kalle ni ba ya ce, "Ban da hoto. Amma ki rubuta. Ki tura ko'ina."

To ga shi na rubuta. An karanta a gabana, yanzu ni ce 'yar aiken, kuma ban san kowa a Rano ba. In kai ɗan can ne, ko kana da kowa a can, ka tambayi tsofaffin gidan maƙera ko an taɓa yin wata Kande da ɗanta Tanko ya tafi hajji a ƙafa. In kina Jidda ko Makka kuma sunan kakan babanku Tanko, ki karanta wa tsofaffin gidanku wannan, in ba sa jin Hausa sosai ki fassara musu. Duk wanda ya ji wani abu, ko ƙanƙani ne, ya rubuta a ƙarƙashin nan, ina dubawa.

A gaya musu ya iso Jidda da ransa, kuma ya aiko.

Don Allah ku tura wa na gaba.